Siket Shida na Rawar Masara

Tun da na buɗe shagon ɗinki a Fagge ban taɓa mayar da aiki don ya fi ƙarfina ba. Shi ya sa ranar da wata mata 'yar ƙasar Meksiko ta shigo tana nuna mini hoto a waya, na ce ta zauna. Mijinta Ibo ne, yana sayar da kayan lantarki a Kasuwar Sabon Gari. Hausarta ta cefane ce, amma tana biya mata buƙata.

"Hajiya, siket shida nake so. In yarinya ta kama gefe biyu ta ɗaga, ya buɗe kamar faifai."

Na farkon da na ɗinka bai buɗe ba. Ta saka, ta juya, ta girgiza kai. Washegari muka shiga Kantin Kwari tare, muka zaɓi yadi mara nauyi, ja da ruwan ɗorawa. Na shimfiɗa shi a ƙasa na yanka da'ira, na bi bakinsa da ribon layi uku.

Ina taka keke tana ba ni labari. A garinsu, can kudancin ƙasar, duk damina mutanen ƙauyuka kan hau wani tsauni su yi rawa, kowane ƙauye da shigarsa da kiɗansa. Kakanninsu ne suka fara, don roƙon ruwa da albarkar masara, tun kafin Turawa su kai musu coci. Addini ya sauya, bikin bai mutu ba. Sunansa ma a yarensu, in ji ta, yana nufin ka ba ni yau, in ba ka gobe.

"Ai gudummawa ke nan," na ce. "Mu ma da ita muke biki."

Da na gama siket ɗin, wata Litinin da la'asar ta gayyace ni, aka yi rawar a tsakar gidansu a Sabon Gari. 'Ya'yanta biyu ne da 'yan matan maƙwabta huɗu, Ibo da Yarbawa. Da kiɗa ya tashi suka juya lokaci guda, siket shida suka buɗe, ko ɗaya bai harɗe ba. Da suka gama suka ɗauko kwanduna suna jefa mana lemo da gasasshiyar masara, haka ake rufe bikin a can. Matar ta tsaya a bakin ƙofa tana hawaye tana dariya.

Wata dattijuwa Bayarabiya da ke kusa da ni ta kama bakin siket ɗin jikarta, ta juya shi tana duba ɗinkin.

"Daga waje aka kawo?"

"Daga Fagge, Mama," na ce. "Ni na ɗinka."