Ranar da Baba Mai Awo Ya Auna Shugaba

Babu wanda ya san ɗan Adam kamar Baba Mai Awo, aƙalla daga wuya zuwa ƙugu. Tun yana saurayi yake ɗinka kwat a layin teloli, kuma ya yi imani halin mutum a kafaɗarsa yake: mai miƙaƙƙiyar kafaɗa yana ɗaukar nauyi, mai rusunanniya shi kansa nauyi ne. Da wannan ilimi ya zaɓi abokai, da shi ya sallami samarin 'ya'yansa mata.

Ranar da hukuma ta shafa jan fenti a bangon shagunansu, alamar za a rushe, shugaban ƙungiyar teloli yana kwance a asibiti. Mutum biyu suka fito neman kujerar: Dogo mai ɗinkin labule, da autan Baba, wanda keken ɗinki ya tanƙwara wa baya tun yana ƙarami. Aka zuba wa Baba ido, shi ne babba.

Ya zare tef daga wuyansa, ya auna su a gaban jama'a.

"Baba, ni fa ɗanka ne, ba yadi ba," in ji Auta yana dariya. Ya ɗauka wasa ne.

"Ɗago kafaɗar."

"Iyakarta ke nan. Kekenka ne ya ajiye ta a nan."

"To, Dogo ne," in ji Baba.

Auta ya haɗiye abin da ya haɗiye, ya ce duk da haka a ɗunguma ofishin hukuma da safe. Baba ya ce teloli ba za su tura shugabansu gaban manya cikin rigar gwanjo ba, sai an ɗinka masa kwat. Aka yi gardama kan launi, aka yi kan maɓalli. Baba ya yanka da kansa, ya ba Auta ɗinkin ciki, don babu mai hannunsa a layin. Auta ya gama, ya goge, ya ɗaure kekensa a bayan babur. Bai yi sallama ba.

Saura hannun kwat ɗaya a haɗa, motar rusau ta iso. Kafaɗar Dogo ta yi rana: shi ya fitar da yawancin kekuna.

Yanzu Baba a barandar gida yake ɗinki. Duk babur da ya tsaya sai ya ɗago kai.

"Malam, ka je ka ba yaron nan haƙuri," in ji matarsa.

"Awo ba ya ƙarya," ya ce, amma a ƙasan maƙoshi, zaren kuma ya ƙi shiga allura.

Auta yana haya a layin masu takalma, titi ɗaya ne tsakaninsu da tsohon layin teloli. Su ma an shafa musu jan fentin. Sun je ofis washegari da gam ɗin takalma a hannuwansu, kuma har yau suna nan.