Tabawa ta kai kajinta cin rani

Tabawa ɗiyar kawuna ce, taubashiyata ke nan, don haka duk abin da zan faɗa a kanta ya halatta, in ta ji haushi ta san ƙofar gidana. Ni ina ce mata baiwata, ita tana ce mini bawan gidansu, har yau ba a raba gardamar ba. Gajera ce, in ta shiga gonar wake sai an kira sunanta kafin a gane inda take, amma in ta ɗaga murya a ƙauyenmu, mutanen Tajaye na amsawa. Mijinta Sallau maginin rumbu ne, mutum mai sanyi, in ka taka mishi ƙafa shi ne zai ba ka haƙuri.

Yunwar tamanin da huɗu ta kwashe mata awaki kaf, sai kaji sunka rage. Su ne sabulunta, su ne gishirinta, su ne kuɗin mota in yaro ya kwanta ciwo. Ta san kowace da tafiyarta, ta san wadda ke satar kwanci bayan rumbu. Ni na rantse ta fi sanin kajin nan bisa danginta.

To amma kowace shekara, da an gama ɗaure gero sanyi ya shigo, sai ciwon kaji ya sauka. Kaza ta saki fuka-fuki, ta yi zawo kore, ta murɗe wuya tana kallon sama kamar tana neman wata, gobe a jefar. Mu kuwa al'adarmu, da mutum ya ga ɗaya ta yi laushi sai shi tattara masu sauran ƙarfi shi ruga kasuwar Badagishiri shi sayar da arha, wanda yas saya shi kai ma unguwarsu rabonta. Tabawa ta gwada tonka mai yaji a ruwa, ta gwada ɓawon maɗaci, ta fasa kafso ja-da-rawaya na 'yan tebur har kajinta sunka fi ni shan magani. Duk da haka sai ta wayi gari da biyu ko ukku, ta sake farawa.

Wata shekara masu allurar shanu sunka zo da motarsu da akwatin ƙanƙara. Filani da Buzaye sunka jera garkuna, ana sokawa ana tsaga kunne. Sai ga Tabawa cikin layi, tsakanin bijimi da bijimi, da dakwalwa a hammata. Anka yi ta dariya, ba ta ko waiga ba, har layi yaz zo kanta.

Likitan dabbobin bai kore ta ba. Yag gaya mata gaskiya, allurar kaji akwai ta, amma tana birnin Tawa cikin sanyin firigo, kwalba guda ta kaji ɗari ce, in an buɗe ta kuma ba ta kai la'asar a zafinmu. Tabawa tac ce to su masu yin kwalbar ba su taɓa ganin mace mai kaji goma ba? A yi mata ƙarama kamar tandun kwalli, wadda za ta jefa gindin randa ta kwana lafiya. Ko ƙwaya da za a narka a kaskon ruwa. In ma duk ba su iyawa, a aje mutum guda ran kasuwa wanda zai buɗa bakin kaza shi ce ga abin da ke damunta, yadda ake yi ma saniyar Bafillace. Likita yac ce shi ma yana son hakan, amma ba shi da shi. Abin da yake da shi magana guda ce: ciwon nan, kaza ce ke kai ma kaza, har takalmin mutum na ɗaukar shi, in tana son nata su rayu ta nisanta su da na kowa.

Shi nufinai ta gina akurki. Bai san da wa yake magana ba.

Da sanyi yad dawo, ran da anka ji kazar farko ta mutu a unguwar yamma, Tabawa taɗ ɗaure kwanduna bisa jaki, tas sa tukunya da tulu a ka, taj ja ƙaramin ɗanta, tan nufi gonar Sallau ta tudu, can inda ko mai neman jakin da ya ɓace ba ya zuwa. Tak kafa bukka da karan gero. Ruwa daga rijiyar makiyaya, 'yan tsaki kuma tana fasa musu suri suna cin gara. Maza na tafiya cin rani Lagos da Abijan, ita ta kai kaji.

Gari yaɗ ɗauka. Wasu sunka ce taɓuwa ce, wasu sunka ce yaji ta yi. Dattawa sunka zauna sunka rasa hukunci, don ba a taɓa ganin mace ta yi yaji zuwa gonar mijinta ba. Daga ƙarshe anka ce ma Sallau ko mi ne ne dai, shi je biko. Bawan Allah yay yi tunani, mi Tabawa ta fi so a duniya? Sai yat tafi Badagishiri yas sawo jan zakara, ƙato, tsawonai ya kusa nata. Ni anka haɗa shi da ni, wai a matsayin dangin mace.

Tun daga nesa tah hango mu. Kafin mu kai gambar da ke iyakar gona ta riga mu, da muciya a hannu.

"Maigida, tsaya nan. Zakaran ga daga ina?"

Sallau yac ce Badagishiri, har yana murmushi.

"Ka je inda gawa ke yawo da ƙafarta, ka zaɓo mini babba. Mai da shi."

Nac ce haba baiwata, kyautar miji ce, a gaban mutane. Tac ce ina mutanen, ita bawa kawai take gani. Nac ce to a ba ni zakaran in yi mishi magani da wuƙa, kowa shi huta. Ba wanda yak kula ni.

Ranar nag ga abin da ban taɓa gani ba, Sallau ya yi fushi. Yac ce an mai da shi abin dariya a bakin masallaci, yara na bin shi suna kukan kaza. In ba ta bi shi gida ba zai tafi wurin liman, kuma tana iya jin abin da ba ta so. Ta san abin da yake nufi, ni ma na sani.

Tabawa tad dogara muciya a ƙasa. "Aure in ya mutu ana mai da shi, maigida. Kazar da ta murɗe wuya wa ke mai da ta? Kawo mini likitan kaji, in ɗaure kaya in bi ka yanzu. In babu, ni ce likitan, kuma nan ne asibitin."

Munka juyo da zakaranmu. Sallau yaw wuce gida da shi a hammata. Bai je wurin liman ba kuma, kullum sai shi ce gobe. Kafin goben ta zo jan zakara ya fara kallon sama, ko naman ban samu ba, abin da har yau ban yafe ba.

Ciwon wannan shekarar bai bar komi ba. Gari yay yi tsit, ladan ma sai da rana tat tashe shi. Sallau kuwa yana cin tuwon matar wanai, tuwon da in ka jefi kare da shi sai an yi shari'a. Ya jure iyakar jurewa, wata safiya sai anka gan shi da tabarma da buta ya nufi tudu. Ni na bi shi don in ga ƙarshe. A bakin gamba tas sa yac cire takalma, yaw wanke ƙafa har gwiwa, sannan tab ba shi fura. Ni ko furar ba a ba ni ba, wai ba a san inda nat taka ba.

Ba duka sunka tsira ba. Shaho ya ci rabonai cikin 'yan tsaki, tunku ya ɗauke dakwalwa guda da rana tsaka, ta yi kwanaki tana zagin shi har kakanninai. Amma ko ɗaya ba ta murɗe wuya ba.

Da zafi yas shigo sunka dawo, Sallau na jan jaki, kwanduna cike, zakaru na cara tun daga bakin gari. Matan da sunka fi kowa yi mata dariya sunka fito ƙofa, ɗaya tay yi ƙarfin hali tac ce ko za a ba ta sagara guda ta yi iri. Tabawa tac ce za ta ba ta, amma baɗi in sanyi ya shigo ta naɗe tabarmarta ta hau tudu, ta kafa tata bukka, nesa da tata.