Guguwa Ya Tsallaka Nijar

Jama'a, yau kare ya kunyata ni a gaban ƙasashe biyu!

Kun dai sani, duk Jibiya babu karen da ke jin maganar mai shi kamar Guguwa. In na yi fito sau ɗaya, ko nama ne a bakinsa sai ya yar ya zo. Tun da na saye shi wurin wani mafarauci ɗan Nijar yake ɗaure a gida, ina neman filin da zan sake shi ya miƙe ƙafa. Bayan gidanmu awakin maƙwabta ne, gaba kuma gonakin mutane.

Yau da hantsi na samu fili fetal wajen Magama, kusa da bodar Nijar, an gama girbi, ko kaza babu. Na kwance sarƙa. Ya shinshina iska, ya ɗaga kunne, ya zuba da gudu ya yi arewa!

Na yi fito har bakina ya bushe, ko waiwayowa bai yi ba. Na tattare babbar riga na bi shi, takalmina ɗaya ya tsaya a gona. Ina ji ina gani ya bi ta ƙarƙashin shingen boda kamar mai fasfo.

Wani jami'i ya tare ni. "Alhaji, ina zuwa da takalmi ɗaya?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, karena ne ya ɓata."

"A ina ka samo shi?"

"Can Nijar."

Ya dubi hanya, ya dube ni, ya ce, "Alhaji, ai ba ɓata ya yi ba. Gida ya tafi."