Baban Daji, Mai Rufe Baya

Haihuwa da Tasowa

An haifi marigayin da dubban matasa suka sani da laƙabin Baban Daji a shekarar 1948, a wani ƙaramin ƙauye da ke gefen gandun daji, inda mahaifinsa yake aikin gadin gandun, mahaifiyarsa kuwa ungozoma ce da ake zuwa ɗauka daga ƙauyukan kewaye. Shi kaɗai Allah ya raya musu cikin 'ya'yan da suka haifa. Mahaifiyar ta rasu yana ɗan shekara shida, don haka tarbiyyarsa ta koma hannun uban, mutum dogo, mai ƙarancin magana, mai saurin tafiya, wanda ba ya waiwaye idan ya kama hanya. Da yake babu wanda za a bar wa yaron a gida, sai ya riƙa bin uban zagayen gandu yana sassarfa a bayansa.

A ɗaya daga cikin zagayen nan ne ya tsaya cire ƙaya a ƙafarsa, ya ɗaga kai bai ga kowa ba. Ya yi kira har muryarsa ta dushe, sannan ya zauna a gindin wani itace yana kuka, sai da rana ta karkata uban ya dawo ya same shi. Abin da uban ya ce masa kawai shi ne, "Da ka ɗaga ƙafa." Marigayin ya sha ba da wannan labari a girmansa, kuma bai taɓa ba da shi yana dariya ba.

Karatu da Fara Aiki

An sa shi makarantar firamare a 1955, ya wuce kwalejin horar da malamai a 1962, ya kammala a 1967 da shaidar ƙwarewa a darasin labarin ƙasa. A shekarar da ta biyo baya aka tura shi koyarwa a wata sakandare da ke cikin birni. A can ne ya ga abin da ya ɗaure masa kai: ɗalibai masu iya zana kogi a allo tun daga tushensa har inda ya faɗa teku, amma ba su taɓa tsoma ƙafa a rafi ba, kuma idan aka fitar da su bayan katangar makaranta aka tambaye su gabas sai su kalli juna. Ya fara fita da su bayan gari a ranakun hutu, abin da abokan aikinsa suka ɗauka wata 'yar taɓuwa ce da za ta wuce idan ya yi aure.

Aure

Ya yi auren a 1973, taɓuwar kuwa ba ta wuce ba. Mai ɗakinsa tela ce, mace mai haƙuri da kaifin baki, wadda ke da shago a bakin titin unguwarsu. Allah ya albarkace su da 'ya'ya uku: namiji a 1975, mace a 1978, sai Auta, ita ma mace, a 1983.

Kafa Sansani da Manufarsa

A 1976, bayan doguwar zirga-zirga tsakanin ofisoshi, hukuma ta ba shi aron wani fili a karkara, tsakanin rafi da gindin tsauni, wanda babu komai a cikinsa sai tsohuwar rijiya da ɗaki guda mai rufin kwano. A nan ya kafa sansanin horar da matasa. Tantunan farko mai ɗakinsa ce ta ɗinka su da tsohon tamfol, har ta karya allurai masu yawa, kuma ba ta daina tuna masa da hakan ba. Iyaye da dama sun ƙi ba da 'ya'yansu a shekarar farko. Wani ɗan kasuwa ya ce masa, "Malam, mu da muka sha wahala muka baro daji, kai kuma za ka mayar mana da yara can?"

Manufar sansanin, kamar yadda ya riƙa bayyana ta ga kowane rukuni, ita ce yaro ya san ƙasar da yake takawa, ya iya ɗaukar nauyin kansa, ya kuma kula da na kusa da shi. Ana koyar da karanta taswira, da kafa tanti, da ɗaurin igiya, da hura wuta ba tare da an ƙona daji ba, da tsallake rafi, da taimakon gaggawa. Ana haɗa ɗan birni da ɗan ƙauye a tanti ɗaya da gangan, su yi ta raina juna a kwanakin farko, kafin ruwan sama ya jiƙa su tare su shirya.

Kowane zango yakan ƙare da dogon tattaki zuwa kan tsauni. Wani matashin malami yakan ja gaba da taswira, yaran su bi shi a jere, shi kuwa Baban Daji ya rufe baya da sandarsa da usur a wuya, don kada a bar ɗan kowa a daji kamar yadda aka taɓa barinsa. Ya kafa doka mai tsauri a kan haka, cewa babu yaron da zai jera da mai rufe baya. Hujjarsa ita ce, idan yara suka ga baya akwai hira, rabinsu za su riƙa jan ƙafa, layi ya tsinke. Duk wanda ya yi nawa sai ya ji an ce, "Matsa gaba, ni ba abokin tafiya ba ne." Yara suka mayar da maganar abin tsokana a tsakaninsu, har a wurin layin abinci. Shi kuwa haka ya yi ta tafiya shi kaɗai a bayan 'ya'yan mutane, shekara da shekaru, yana kallon ƙeyarsu.

Sansanin ya ci lokacinsa ƙwarai. Idan makaranta na aiki yana aji, ƙarshen mako yana can yana gyaran rijiya ko share hanya, dogon hutu kuwa ba a ganinsa a gida sam. Mai ɗakinsa takan ce, "Tsofaffin takalmanka sun fi ka zama a gidan nan."

Shekarar 1987

A wannan shekara babban ɗansa ya cika sha biyu, ya kai munzalin shiga sansani. Babu burin da marigayin yake da shi kamar a ce wannan yaro ya so wurin, ya girma a cikinsa, wata rana ya karɓi sandar daga hannunsa. Amma yana tsoron a ce ya fifita nasa, saboda haka tun a bakin ƙofa ya gargaɗe shi cewa a nan babu ɗa babu uba.

Yaron ya yi ƙoƙari a duk darussan. Ranar tattaki ce ya riƙa komawa baya, wani lokaci ya tsuguna ɗaure igiyar takalmi, wani lokaci ya ce tsakuwa ta shiga masa, kullum kuma uban ya kora shi gaba. Da aka fara hawan tsauni ya sake dawowa, ya jera da uban ya ce, "Baba, a nan kawai zan riƙa tafiya. Ba zan yi surutu ba."

Uban ya ce, "Babu Baba a nan. Matsa gaba, ni ba abokin tafiya ba ne."

Yaran da ke kusa suka fashe da dariya, domin sun ji maganar da suka saba tsokana da ita. Yaron ya gyara jakarsa ya wuce har can gaban layi, bai sake waiwayowa ba har aka sauko.

Bayan sun koma gida ne marigayin ya faɗa wa mai ɗakinsa cewa yaron akwai jan ƙafa. Ta tsayar da keken ɗinkinta ta ce, "Jan ƙafa? Tun da damina ta kama yake gaya wa ƙannensa zai yi tafiya da babansa." Ya ce doka ce. Ta ce, "Wa ya kafa ta?" Ta ci gaba da ɗinkinta.

Abin ya yi masa ciwo, amma bai iya zuwa ya sami yaron ba, domin bai taso ya ga uba yana ba ɗansa haƙuri ba. Ya zaci idan zango ya zagayo komai zai gyaru. Da ya zagayo yaron ya ce yana da karatun jarrabawa, shekara ta gaba ya ce zai je wurin kawunsa, a haka har ya tafi jami'a ya fito injiniyan gine-gine. Bai taɓa yi wa uban rashin ladabi ba, bai kuma sake taka sansanin ba.

Ritaya da Zaman Sansani

Ya yi ritaya daga koyarwa a 2003, mai ɗakinsa kuma ta rasu a 2004 bayan gajeruwar jinya. Daga nan ya kulle gidan birni ya tare a ɗakin nan mai rufin kwano, wanda babu komai a ciki sai gadon ƙarfe, da kujera ɗaya, da taswirori a bango da suka koɗe, da keken ɗinkin marigayiyar da ya ɗauko ya ajiye a lungu ko da yake bai iya sarrafa shi ba. Yara sukan cika wurin a lokacin hutu, su watse, ya rage shi kaɗai watanni yana shanya tantuna yana naɗe igiyoyi. Tsofaffin ɗalibansa, waɗanda wasu sun zama likitoci wasu manyan manoma, sukan turo gaisuwa da alkawarin zuwa, kaɗan ne suke zuwan. Duk shekara yakan aika wa babban ɗansa, Injiniya, cewa za a yi tattaki a wata kaza, shi kuma ya amsa cikin ladabi cewa aiki ya yi yawa.

Auta ce ta zauna da aikin, wadda bai taɓa sa mata rai ba. Ta shiga sansanin tana yarinya, ta dawo malama, ita ce ma ta buɗe zangon 'yan mata zalla a 2006. A tattakin 2011 gwiwoyinsa suka gaza, layi ya riƙa tsayawa a kowace kwana. Da aka huta ta zo ta durƙusa kusa da shi ta ce a hankali, "Baba, yanzu fa kai ake jira." Ya cire usur ya rataya mata a wuya a gaban yaran. Ita ta karɓi ragamar sansanin daga ranar, kuma cikin gyare-gyaren da ta yi har da sassauta dokar rufe baya, ta bar yaron da ya gaji ya ɗan jera da malami kafin ya koma cikin 'yan'uwansa. Marigayin bai ce mata komai a kan wannan ba, layin kuma bai tsinke ba.

Rashin Lafiya

A 2016 ya yanke jiki ya faɗi a bakin rijiya, aka kai shi asibiti a birni. Injiniya ne ya ɗauke shi daga can zuwa gidansa, ya ba shi ɗaki a bene mai taga da ke kallon titi da wani garejin kanikawa. Ba za a ce ɗan ya gaza ba. Shi yake yi masa aski da hannunsa, shi yake kai shi ganin likita, bai taɓa barin magani ya yanke ba. Amma hirarsu ba ta wuce yaya jiki da an ci abinci. Tsohon yakan wuni a bakin taga yana kallon kanikawa, babu wanda ya sani a titin.

Wata safiya ana cikin askin ya ce, "Shekarar nan da ka zo sansani, da na sani da na bar ka ka yi tafiyarka a inda kake so."

Injiniya ya ce, "Baba, daina motsi, kada in yanke ka." Da ya gama ya goge masa kai ya ce, "Ya wuce ai. Yarinta ce."

Tsohon ya roƙe shi su je tare ko sau ɗaya, ko a mota ne, su ga wurin su dawo. Injiniya ya ce in aiki ya yi sauƙi za su je. A ƙarshe Auta ce ta kai shi a 2018, ya zauna a kujera a bakin rafi, yara suna wucewa suna gaishe shi ba tare da sun san ko wane ne ba.

Rasuwa

Allah ya karɓi rayuwarsa a daminar 2019, yana da shekara saba'in da ɗaya, a ɗakin nan na bene. An yi jana'izarsa a ranar, aka binne shi a maƙabartar birni kusa da mai ɗakinsa, kuma tsofaffin ɗaliban da ba su samu zuwa yana raye ba sun cika wurin har titi. Allah ya jiƙansa da rahama.

Ya bar 'ya'ya uku da jikoki takwas. Akwai Auta, shugabar sansanin a yanzu, da yayarta, ma'aikaciyar jinya, sai babbansu Injiniya. A dogon hutun 2022 babbar 'yar Injiniya ta kai shekarun shiga sansani, ta nace sai ta je, shi ya kawo ta da kansa. Ya sauke mata jaka a bakin ƙofa, ya duba igiyar takalminta, ya ɗaure mata da kyau. Auta ta fito ta ce, "Yaya, shigo ka sha ruwa mana, ka ga ɗakin Baba." Ya tsaya yana kallon tsaunin na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Wani jiƙon." Ya jira har yarinyar ta shige cikin sauran yara, ya juya motarsa ya kama hanyar birni shi kaɗai.