Dutsen Gugar Inna Ba Jirgi Ba Ne

"Ko ɗigo ba za a taɓa a tambarinsa ba, Mama. Na yi miki alkawari." Haka Fada, firist ɗin nan sakatarenka, ya ce mini a barandar asibiti ranar Talata, uku ga watan nan, ranar da ka bar mu, Yaya.

Jama'a sun rasa Bishop. Ni na rasa yaron da ke hura wa Inna gawayi har idonsa ya yi ja. Da wanki da guga ta kai ka makarantar firistoci. Har yau ina ganin ɗakin nan: tururi, ƙamshin sitaci, rigunan mutane reras a igiya, kai kana karatu a kan kifaffen bokiti, kana gutsura mini biredinka don in rufe baki.

Da aka naɗa ka, mai zanen tambari ya kawo garkuwa mai zaki da tauraro. Ka yi dariya ka ce, "Gidan da ko kyanwa babu, ina shi ina zaki?" Ka sa aka zana dutsen gugar Inna a tsakiyar garkuwar, ƙarƙashin koriyar hula mai tuntaye. Ranar da ta hango shi a saman kujerarka a majami'a, sai ta ce, "Ja'iri, ka tona mini asiri," tana kuka tana gyara ɗankwali. Duk marayan da ka sa a makaranta sai ka nuna masa zanen, ka ce daga nan ka fito.

Jiya na leƙa wurin mai sassaƙa dutsen kabarinka. A zanen da ofis ya aika masa an cire mariƙin dutsen gugar, an shimfiɗa ruwa a ƙasa, dutsen guga ya koma jirgi. Na kira Fada. Wai jirgin manzo Bitrus ya fi dacewa da darajarka, kuma manyan baƙi za su zo. Littafin da ya karanta ni ma na karanta, ban ga ayar da ta ce mai wanki abin kunya ce ba. Shekara da shekaru yana buga tambarin nan a takardunka bai ce uffan ba, sai da ƙasa ta rufe maka ido.

Ubangiji ya ji ƙanka, Yaya, ya haskaka makwancinka, ya sada ka da Inna. Ga ƙannenmu, da 'ya'yan da ka riƙa, da dukan ikilisiya: Allah ya ba mu haƙuri.

Kai kuma Fada, na ba ka zuwa Juma'a ka mayar da zanen yadda mai shi ya bar shi. In ta wuce, ranar Asabar zan zo da magini da siminti da ainihin dutsen gugar Inna, in dasa shi a kan kabarin. Sai ka yi wa manyan baƙin bayani.