Sunan da Kaka ba ta faɗa

Masallacin unguwarmu a Garwa ta Kamaru bai fi cin sahu shida ba, amma a kansa na yi rigimar da ta fi kowace cin raina. Kayan babur nake sayarwa a kasuwa, kuma rannan rashin ciniki ya sa na buɗe masa shafi da Faransanci a kundin nan na intanet da kowa ke iya gyarawa. Na rubuta cewa kakan mahaifina, ɗan kasuwar da ya zo daga Kano da fataucin goro, shi ya gina shi kuma shi ya fara limanci a ciki. Da wannan labarin aka raine mu, ina alfahari da shi ƙwarai.

Washegari na duba, an share sunan an sa na wani Bafulatani. Na mayar. Kafin la'asar an sake sharewa. Ban sha wahalar gano mai aikin ba: wani malamin lise ne, wato sakandare, ɗan unguwarmu da aka tura aiki garin Poli, jikan wancan Bafulatanin. Da alama a Poli babu abin yi sai jiran in taɓa shafi. Ko waƙafi na ƙara sai ya cire. In ya zo hutu kuwa sahu ɗaya muke tsayawa, mu gaisa har da tambayar iyali, kowa ya koma gida ya goge ɗan'uwansa.

Da abin ya ishi masu kula da kundin, sai suka bar sunayen biyu, suka ce kowa ya kawo hujja. Takarda dai babu. Amma ina da Kaka, mahaifiyar babana, wadda aka kawo ta amarya gidan tsohon yana raye. Na tarar da ita a tsakar gida tana tsinke zogale, na kunna waya ina naɗa.

"Kaka, wa ya gina masallacin nan?"

"Mai babban ɗaki mana."

"Sunansa nake so."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Angona, ka sha wani abu ne? Surukin nawa zan kama wa suna?"

Na lallaɓa, na yi alkawarin turmin atamfa, ta ƙi. Shekarunta sun haura tamanin, ko sunan mijinta ba ta taɓa furtawa ba. Haushi ya sa na nuna mata shafin, na ce ga shi nan ai duniya duk tana karantawa. Ta sa na karanta mata. Ina kaiwa kan sunan ta toshe kunne.

"Haka tsirara, ba Malam, ba marigayi? Kowane ɗan acaɓa ya kira shi gatsau? In ni na haifi ubanka, ka cire shi yau."

Ban taɓa jin zafin umarni irin wannan ba. Na zauna a zaure na goge kakan mahaifina da hannuna, har idona ya kawo ruwa. Na bar wa mutumin Poli masallacin.

Ban gama alwalar magariba ba saƙo ya shigo. Malamin ya ga na taɓa shafi, hannunsa kuma ya riga ya saba. Ya mayar da abin da na goge, har da gargaɗi cikin Faransancinsa mai tsabta cewa a daina cire bayani ba dalili.

Da Kaka ta tambaye ni, na ce na cire, kuma ban yi ƙarya ba. Ta sa mini albarka, ta tuna mini da atamfarta. Bara ta rasu. Wani lokaci nakan kunna abin da na naɗa in ji ta tana ƙin faɗa, in yi dariya, in yi kewarta. Sunan yana nan har yau inda abokin gabata ya ajiye shi, ni kuwa ban ƙara kusantar shafin ba.