Taswira, Wanda Ya Ɓoye wa Baƙi Girkin Ƙanwarsa

Ina durƙushe na tsoma wata taya a bahon ruwa ina neman inda ta huje, sai mai gadin filin ajiye motoci ya zo ya tsaya a kaina. Ko gaisuwa bai yi ba. Ya ce, "Taswira ya faɗi a hanyar tafki. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa." Na daɗe ina kallon kumfar da ke tasowa daga tayar, na kasa ciro hannuna daga ruwan.

Muna cikin haka wata motar baƙi ta tsaya, direban ya sauke gilashi ya ce, "Don Allah ina ake samun abinci mai kyau a garin nan?" Na dubi mai gadi, mai gadi ya dube ni. Dukanmu a nan aka haife mu, amma babu wanda ya taɓa amsa wannan tambaya a cikinmu. Aikin Taswira ne. A nan kuka ya ƙwace mini, bawan Allah ya ɗaga gilashinsa a hankali ya yi gaba.

Garinmu ƙarami ne. Tafki gare mu da wani dutse, sai titi ɗaya mai kwalta. Ranakun hutu mutanen birni kan cika mu, su hau dutsen su sauko, su ɗauki hoton ruwa, sannan yunwa ta kama su a lokaci guda. Abokina asalinsa mai ɗaukar hoto ne a bakin tafki. Da wayoyin hannu suka kashe masa sana'a bai ajiye kyamarar ba. Ya ci gaba da rataya ta a wuya ko da ta daina aiki, ya kafa kujerarsa kusa da rumfar facina. Baƙo in ya ga mutum da furfura da kyamara sai ya ɗauka hukuma ce ta ajiye shi a wurin. Haka aka fara tambayarsa hanya, har sunansa na ainihi ya ɓace aka koma kiransa Taswira.

Shi ba ya tambayar mutum me yake marmari. Takalmi yake kallo. In ya ga mai sheƙi, sai ya nuna gidan bene mai kallon tafki, inda ake kawo shinkafar da ba ta cika tafin hannu ba a tsakiyar wani makeken faranti, da ganye ɗaya a kanta. "Waɗannan ba yunwa suke ji ba," in ji shi, "hoto za su ci." In ango da amarya ne, sai ya tura su gidan da ake rage fitila, wai don soyayya, alhali duk garin an san don kada a ga kazar ne. Masu yara kuwa sai gidan mai talabijin, inda ƙara ba ta barin a ji ƙorafin kowa. Masu gidajen nan da hannu biyu suke gaishe shi. Bai taɓa cin ko loma ɗaya a wajensu ba.

Abincinsa yana bayan garejin makanikai, a wani ɗaki da ƙanwarsa take girki, wadda duk muke kira Auta. Bencina ne da tukwane, babu allo a ƙofa. Shinkafa ce da miya da kifi kamar ta kowa, amma in ka kai lomar farko sai hira ta tsaya. Mu ne masu ci: ni, mai gadi, makanikai da direbobi. Taswira yana da gurbinsa a ƙarshen benci jikin taga, har katakon ya lotsa daidai zamansa. Kuma tun da ya fara nuna hanya bai taɓa tura wa Auta baƙo ko ɗaya ba. In wani ya jiyo ƙamshi ya tambaya, sai ya yamutsa fuska ya ce, "Can? Gareji ne, man inji kake ji."

Yana da dalilinsa. Akwai wani mai soya kifi a bakin ruwa da yake miƙo maka a takarda da zafinsa, har kana sauya hannu. Taswira ya yi kuskuren yabonsa a gaban baƙi. Kafin shekara ta zagayo mutumin ya sayi kujerun roba, ya raɗa wa wurin sunan wani birnin ƙasar waje da shi kansa bai iya faɗa ba. Kifin ya ƙanƙance, yankan lemon da ke gefensa ya girma. Ranar da Taswira ya je, aka tambaye shi ko ya kama tebur tun jiya. Ya dawo rumfata yana huci ya ce, "Aboki, da bakina na kashe kifin nan."

Sai abubuwa suka juya wa Auta. Yawancin makanikai suka koma sabon titi, bencina suka zama fayau. Mai ginin ya fara kawo wani mai sayar da huluna da riguna masu hoton dutse yana auna ɗakin da igiya, ita kuwa tana tsaye da ludayi. Tun rasuwar mijinta da ɗakin nan take ciyar da 'ya'yanta. Wata safiya ta taho filin motoci, ko hannu ba ta wanke ba.

"Yaya, mota nawa ka tura gidan bene yau?"

"Ban ƙirga ba."

"Ni fa?"

"Ke ai kare ki nake yi."

"Daga me? Daga ciniki?"

"Ba ki san mutanen nan ba, Auta. Yau su yaba miki, gobe ki fara tambayata ko na kama tebur."

"Madalla. Ci gaba da kare ni. Ni ma daga yau na kare tukunyata daga gare ka."

Ya ɗauka wasa ne. Da rana ya je ya tarar an kife baho a gurbinsa. Mu kuma aka ja mana kunne, duk wanda ya fitar masa da ko ƙashin kifi ya bi sahunsa. Taswira matarsa ta riga mu gidan gaskiya, shi kuwa ko ruwa ya ɗora sai ya ƙone. Dole ta sa ya fara cin abinci a gidajen da ya yi shekaru yana tura mutane.

Daga gidan bene ya dawo yana tambayar mai gadi ko yana da ragowar burodi. A gidan duhu ya haska kazar da fitilar waya, ya ce da ya sani da bai haska ba. A gidan talabijin ya yi ta ƙorafi, mai kawo abinci ya yi ta gyaɗa kai yana kallon ƙwallo. Bayan 'yan kwanaki ya zauna a rumfata, igiyar kyamara ta yi masa yawa a wuya.

"Aboki, ashe abin da nake yi wa bayin Allah ke nan?"

"Shi ne."

"Kuma suna ta yi mini godiya?"

"Har hoto suke ɗauka da kai."

Ya sauko, amma a irin tasa hanyar. Sai ya zaɓi baƙon da takalminsa ya sha tafiya, ya ja shi gefe, ya rage murya, ya sa shi ya rantse ba zai ɗauki hoto ba, ba zai gaya wa kowa ba, sannan ya nuna masa ɗakin Auta. Abin da abokina bai sani ba, mutumin birni in ka ce masa sirri ne, kafin ya haɗiye loma ya gaya wa duniya. Ba a daɗe ba layi ya wuce ƙofar gareji. Masu takalmi mai sheƙi suka riƙa tsallake baƙin mai suna tambayar ina ɗakin nan da ake ɓoyewa. Mai ginin da kansa ya zo yana cewa wa ya yi maganar huluna, ai shi bango kawai yake aunawa.

Auta ta riƙe ɗakinta. Ta ɗauke bahon, ta aika a ce wa yayanta ya dawo. Sai dai babu inda zai zauna.

Jiya da rana muka je tare. A gurbinsa wata mata ce da faffaɗar hula, ta miƙe tsaye tana ɗaukar farantinta hoto, miya tana hucewa. Taswira ya dafe ƙirji ya kau da kai. Auta ta miƙo mana faranti biyu ta tagar baya, muka zauna a kan wata tsohuwar kujerar mota da makanikai suka yar. Daga ciki muna jiyo ta tana ba da umarni tana dariya, irin dariyar da na manta tana da ita. Ya tsaya da cin abinci yana saurare, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce barkono ne. Na ce ni ma shi ne.

Wani baƙo ya leƙo ya gan mu, ya ce wa matarsa, "Kin gani, har da wurin zama na waje." Taswira ya rufe farantinsa da hannu har suka wuce.

"Aboki, gobe ka zo da wuri."

"Me za a yi?"

"Mu ja kujerar nan bayan waccan motar, kafin Auta ta ji ta shimfiɗa mata ƙyalle."

Na ce, "Bari dai in gama facin safe."

Ya ce, "To. Amma in ka riga ni, kada ka fara ci sai na zo."